Ruwan da Saye Ta Sha

Sau ɗaya tak na taɓa zuwa hutu a rayuwata, shi ma rabinsa a faɗa ya ƙare. Jikokina in suka ji na ce na je Ikko sai su kama ƙyaƙyata dariya, wai Gogo da ko Damaturu ba ta sani ba. To na je, har bakin teku, kuma da mijina na je, a shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, lokacin nan ɗin ma jihar Barno ake ce masa.

Mijina shi ne Hamajoɗa. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido nake iya kama sunansa, da can ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Shi kuma 'yar Wakili yake ce mini, da sunan mahaifina. Madina kuwa, sunana na yanka, ban taɓa jin sa a bakinsa ba.

Muna zaune a gefen Katuzu, daf da Gashuwa, da garken da in ya taso daga kogi sai masu keke sun sauka sun jira ya wuce. Cutar bushiya ce ta fara shiga cikinsu, ta kwashi abin da ta kwasa. Ba mu gama share hawaye ba damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, kogin Gashuwa ya koma yashi, sai rami ake tonawa a tsakiyarsa a zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Kafin kaka ta wuce garken nan ya dawo shanu shida. Cikinsu akwai Saye, saniyata ce, jikar wadda mahaifina ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Ita ce a gaba, inda ta sa kai nan sauran suke bi.

Mutuwar shanun ba ta tsorata ni kamar yadda mutumin ya koma ba. Akwai wata aduwa a bayan gidanmu, nan ya tare. Da safe in ajiye masa koko, da azahar in zo in ɗauke shi yadda na ajiye, ƙuda ne kawai suka sha. Ni ce ke kai shanun rami, ni ce ke neman dusa. Dillalai suna zuwa daga Nguru suna taya shanun, don a lokacin sayen ramammun shanu suke yi a banza a wofi, su yanka su yi banda. Ba ya ce musu e, ba ya ce musu a'a, sai dai su gaji da tsugunno su tashi.

Ana haka ƙanina Abbo ya zo. Shi aikinsa rakiyar shanun fatake a jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Ikko, har ya kama ɗaki a can Agege ya ajiye iyali. Ya dubi mijina sau ɗaya, ya ja ni gefe.

"Adda, mutumin nan in ya ƙara wata guda a gindin aduwar can, a nan za ku binne shi. Ki bari in tafi da ku hutu."

Hutu! Na ce masa hutu ai na 'yan makaranta ne da ma'aikatan gwamnati, mu da shanu ke mutuwa a hannunmu wane hutu. Abbo bai kula ni ba, dama tun yana yaro kunnen ƙashi gare shi. Ya je ya tsuguna gaban mijina yana ta zuba, gidaje masu hawa sama, gadoji, motoci. Ko ɗaga kai bai yi ba. Sai da Abbo ya zo kan wani makeken tafki da ke jingine da teku, ya ce shi ba ya ƙafewa rani da damina, bakinsa kore shar shekara zagaye, sannan na ga Hamajoɗa ya juyo. Ya tambayi shanun wa ke sha a wurin. Abbo ya ce ba na kowa, shi bai taɓa ganin ko akuya ba. Mijina ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito da sandarsa da gorarsa.

A nan na gane abin da yake nufi. A wurinmu kafin garke ya tashi zuwa wata ƙasa sai an tura mutum ɗaya ya je ya duba. Zai ɗanɗani ruwan da bakinsa, ya tauna ciyawar, ya tambayi mutanen wurin, sannan ya dawo ya ce a tashi ko a zauna. Tun yana saurayi Hamajoɗa ake turawa. Abbo yana murna ya samu mai zuwa hutu, ni kuwa na san duba makiyaya za a je, kuma in wurin ya yi masa, to ni da Katuzu sai labari.

Muka bar wa maƙwabcinmu Dunoma amanar shanun, wani manomi Babade mai yawan tsiya da kirki. Muka hau akori-kura zuwa Nguru. Tun kafin mu shiga gari hayaƙin banda ya tare mu. Ko'ina rumfuna ne da nama a shanye, kuma duk wanda ya san saniya ya san naman shanun fari ne, ba ɗigon kitse. A tasha ana ta tura wasu shanun cikin tarago, haƙarƙarinsu a waje. Na ja mayafina na rufe hanci. Tun da nake ban taɓa ganin saniyar da ta hau jirgin Nguru ta dawo ba, na ce a raina Saye ba za ta hau ba ina raye.

Muka sauya jirgi a Kano muka miƙa kudu. Ni dai tafiyar ta ishe ni, ƙafafuna suka kumbura, ga wata mata da kwandon kaji a kusa da ni. Mijina kuwa ya manne da taga. Da gari ya fara yin kore, sai na ga yana motsa baki kamar mai addu'a. Da muka hau gadar Jebba, ya ga kogin Kwara cike taf, ya tashi tsaye har hularsa ta kusa faɗawa waje. Abbo ya ce ya zauna, wannan ai ba komai ba ne.

A Agege matar Abbo, Kellu, ta karɓe mu hannu bibbiyu. Yarinya ce mai fara'a, 'yar Yusufari, ga iya miya. Ɗakinsu dai kamar akurki, ruwan sha ma sai ta tsaya layin famfo ko ta saya wurin 'yan garuwa. Abbo ya kai mu muka ga gidajen saman da gadojin. Mijina ya kalle su yadda ake kallon tururuwa, ya ce yaushe za a je ruwan.

Ranar Lahadi muka shiga mota mu huɗu zuwa wani gari wai shi Badagiri.

Wallahi zan faɗi gaskiya, duk da fushin da na je da shi, da na ga wurin sai da na ce tubarkalla. Ruwa ne kwance lumui, idonka ba ya kai ƙarshensa ta dama ko ta hagu, a ƙetare kuma bishiyoyin kwakwa a jere, iska tana kaɗa su. Ga jiragen kwale-kwale, ga mata da zani iya ƙirji suna soya kifi a bakin ruwa, ga 'yan birni sun shimfiɗa tabarmi suna jin rediyo, ba aikin fari ba na baƙi. Iskar wurin ma daban take, mai laima, tana manne wa mutum a fata. Shekara biyu ina kallon yashi da gawar shanu, ban san idona yana jin ƙishirwa ba sai ranar. A kan ruwan kuma ga wata ciyawa kore shar, mai faɗin ganye da fure ruwan shuni, tana tafiya da kanta tuli-tuli.

Kellu tana shimfiɗa tabarma, Abbo yana cinikin kifi, sai na waiga na ga mijina ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga ruwan har gwiwa. Ya kamfata da tafin hannu ya shinshina. Ya kurkure baki ya zubar. Ya sake kamfata ya haɗiye, ya tsaya yana taɓe baki. Sai na ji abin da na kusa mantawa da shi, wato dariyarsa.

"'Yar Wakili, zo ki ji. Da kanwarsa a ciki."

Ku da ba ku yi kiwo ba ba za ku gane ba. Saniya in ba ta samu kanwa ba gashinta tashi yake yi, nono ya ja baya. Mu sai mun jira Mangawa sun sauko da ita a kan jakuna, mu saya, mu daka, mu dama a komi. A shekarar nan ko ta lasa ba mu iya saya musu ba. To ga mutum ya tarar da tafki guda an riga an dama. Abbo ya ce masa, Hamma, gishirin teku ne fa yake shigowa. Ya ce saniya ba ta tambayar asalin gishiri. Ya jawo ciyawar nan mai yawo ya tsinki ganye ya tauna. Wani masunci ya tsaya yana kallonsa, Abbo ya yi musu tafinta. Masuncin ya ce ciyawar annoba ce, bana ta zo musu, tana toshe musu hanyar jirgi, wanda yake so ya kwashe duka da godiya. Mijina ya sa aka maimaita masa, don bai yarda da kunnensa ba.

Da ya fito ya ci kifi biyu manya, mutumin da ya yi watanni koko yana fin ƙarfinsa. Ya sha ruwan kwakwa ɗaya, ya ce a fasa wata, ya ƙara da ta uku. Kellu tana ta dariya wai Hamma ya kamu da son kwakwa.

Sai Abbo ya ce dole mu ƙetara mu ga tekun kansa. Ni da ko kogin Gashuwa in ya kawo ba na shiga jirgi, aka tura ni cikin kwale-kwale. Muna kai tsakiya wani jirgi mai inji ya wuce, namu ya hau tangaɗi, na runtse ido na kama salati. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Na buɗe ido, ashe shi ne. A gaban ƙanina, a gaban Kellu, a gaban mai tuƙi! Mu da ko tafiya ba ma jerawa, yana gaba ina baya. Ya kau da kai yana kallon ruwa kamar ba shi ba, amma bai saki ba har muka kai gaci. Kunya ta kusa kashe ni, kuma ban janye hannun ba.

Muka taka yashi kaɗan sai ga teku yana ruri, yana tasowa yana faɗuwa. Mijina ya kalle shi jim, ya ce wannan mahaukaci ne, ba ruwan shanu ba ne, mu koma wurin mai hankalin.

A kan tabarma ya fito da maganar. Za mu koma mu sa shanun a jirgi mu kawo su nan, mu kafa bukka a bakin tafkin, kafin shekara uku garke ya tashi. Na ajiye kifin da ke hannuna. Na ce ba inda za ni. Kabarin uwata yana Katuzu, 'yata tana aure a Karasuwa, a nan kuwa ko sannu ban iya ba, wa zan sayar wa nono? Na ce kuma da idonsa ya ga inda shanun jirgin Nguru suke ƙarewa. Ya ce a Katuzu ma ai mutuwa suke yi, gara su mutu da ciyawa a baki. Abbo ya sa baki da zancen ƙudan tsando, muka haɗu muka ce ya yi mana shiru. Haka muka yi ta yi, 'yan birni suna kallon Fulani biyu suna faɗa a wurin shan iska. Ina jin haushin wannan yammacin har yau, don rana tana faɗuwa a kan ruwan nan, Kellu tana cewa mu duba, ni kuwa na ba ruwan baya.

Daga ƙarshe shi ya kawo mafita. Ya ce tunda Saye tawa ce, kuma ita ce gaba, ita za ta raba gardama. Zai ɗebi ruwan ya kai mata. In ta sha mu tashi, in ta ƙi mu zauna, ba zai sake tayar da zancen ba. Na yarda, don na san Saye da tsirfa, ko guga aka sauya sai ta yi yanga. Kellu ta juye ruwan shan da muka zo da shi a galan, mijina ya shiga tafkin har ƙugu ya cika galan ɗin daga inda ya fi tsabta.

A hanyar dawowa galan ɗin nan a cinyarsa ya zauna. Wani dattijo ya tambaya ko zamzam ne, ya ce kusan haka. Ya sayi rake, ya sayi ƙosai, ya yi ta hira da fasinjoji, har tsokanata yake yi wai zan koyi Yarbanci in riƙa ɗaura gwaggwaro. Ni kuma na rasa addu'ar da zan yi. In Saye ta sha na rasa gida. In ta ƙi, ina tsoron mutumin nan ya koma gindin aduwa, wannan karon kuma ba Abbon da zai tashe shi.

Mun iso Katuzu da hantsi. Dunoma ya riƙe amana, shidansu suna nan, sai dai sun ƙara zubewa, kuma ranar ba a kai su rami ba tukuna. Ko ruwa mijina bai sha ba ya ce in kawo ƙwarya. Dunoma ya ji labari ya riƙe haɓa, ya ce shi dai ya ga masu zuwa Ikko suna dawowa da rediyo da atamfa, bai taɓa ganin mai dawowa da ruwa ba.

Aka juye ruwan aka ajiye gaban Saye. Ta sunkuya ta shinshina, ta yi huci ta ɗaga kai. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi. Sai ta sake sunkuyawa, ta sa harshe ta lasa, ta kafa baki. Ba ta ɗago ba sai da ta shanye tas, ta bi ƙwaryar da lasa har tana ture ta.

Alkawari alkawari ne. Na shige ɗaki na fara sauke ƙorena daga kan danki, wato gadon jeren ƙore, waɗanda uwata ta yi mini jere da su, ina sa ƙanana cikin manya, hawaye yana zuba. Ban kai rabi ba na ji kukan Saye, irin kukan da take yi in an makara da shayarwa. Na leƙo. Ta sa kai ta nufi kogi da saurin da ban san tana da sauransa ba, sauran biyar suna bin ta, mijina yana bayansu. Na bi su da ƙwarya a hannu.

Na tsaya a kan gaɓa. Saye ta je bakin raminmu ta zura kai tana kuka. Hamajoɗa ya sauka ya ɗebo mata ruwan ramin, jan ruwan nan mai laka, ta shanye. Ya ƙara, ta shanye. Ya yi ta ɗebowa har ramin ya ƙafe, ta tsaya tana jiran ya sake tsattsafowa. Duk makiyayi ya san wannan, saniya in ta sha kanwa sai ta bi da ruwan daɗi, mai yawa kuwa. Sai a lokacin kwakwa ukun nan suka faɗo mini a rai, da Kellu a layin famfo. A can ina ruwan daɗin da zai ishi garke?

Ya daɗe a tsugune a bakin ramin. Sannan ya hauro, ya dubi ƙwaryar da ke hannuna.

"Mayar da ƙorenki, 'yar Wakili."

Na ce ai ta sha, ni ba na tauye alkawari.

"Ta sha. Amma na san haka za ta yi tun a can, tun da na haɗiye na ji maƙogwarona ya bushe."

Raina ya ɓaci. Na ce to don me ya bar ni na yi ta haushi a gaban mutane, don me ya ɗauko galan tun daga Ikko a cinya kamar jariri? Ya juya ya dubi shanun.

"Na daɗe ba ni da inda zan kai su. Na so in yi 'yan kwanaki ina da wurin zuwa."

Na zuba masa ido in ga ko aduwa zai nufa. Sai ya wuce ta, ya shiga gidan Dunoma, ya fito da shebur da gatari. Ranar ya ƙara wa ramin zurfi har ya shige kansa, da yamma ya hau gawo ya sassaro musu ganye. Ya dawo ya ce yunwa yake ji.

Biyu sun mutu kafin ruwa ya sauka. Saye ta kai damina, ta haifi maraƙa, kuma duk shanun da kuke gani a bayan gidan nan jininta ne. Zancen Ikko bai sake tashi ba, sai dai wani lokaci in yana dama kanwa a komi ya ɗago ya ce, a Badagiri dai an hutar da mutane wannan aikin.

Abbo ya sha cewa zai sake kai mu, wannan karon ba faɗa, mu zauna mu ga faɗuwar rana. Muna ta baɗi, baɗi, har jirgin Nguru ya daina zuwa, har mai riƙe mini hannun ya tafi. Galan ɗin yana nan a ƙarƙashin gadona, jikokina sun sha cewa in ba su su zuba kananzir, na hana.